Zagayen tsohon garin Maraɗi da ƙafa: tarihi, unguwanni da abin da ake gani

Zagayen gari da ƙafa tare da ɗan jagora hanya ce ta ziyara da aka fi sani a tsofaffin biranen Turai. Mutum ɗaya da ya san gari ciki da bai yakan ja ayarin baƙi, goma ko ashirin, daga wannan dandali zuwa wancan, yana tsayawa yana ba su labarin gini da titi da mutanen da suka zauna a wurin. Yawanci abin ba ya wuce awa biyu zuwa uku. A Faransa sana'a ce mai doka, don ba kowa ne ke da iznin jan baƙi da kuɗi cikin gidajen tarihi da manyan gine-ginen gwamnati ba, sai mai katin sana'ar. Ƙasar ta kafa dokar kare tsofaffin unguwanni tun 1962, kuma tun 1984 ake ware ranaku a watan Satumba ana buɗe wa jama'a gine-ginen da a kullum suke rufe. A wasu biranen ma baƙin sun yi yawa har sun zama damuwa: a 2024 birnin Banis na Italiya ya fara karɓar yuro 5, wato sama da jika 3 na sefa, daga masu shigowa yini ɗaya a wasu ranaku.

A Nijar garuruwa biyu ne suka fi suna wajen irin wannan yawo. Akwai Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, sai Damagaram da unguwar Birni da fadar sarkinta. Ba a cika ambaton Maraɗi a wannan layi ba, kuma da dalili. Tsohon garin da sarakunan Katsina suka zauna a ƙarni na 19 ruwa ya ci shi a 1945. Abin da ake kira tsohon gari a yau an zana shi ne bayan wannan shekara, saboda haka gininsa bai kai ko shekara ɗari ba. Amma mutanen da suka hauro daga fadama sun hauro da sunayen unguwanninsu da sarautunsu da tsarin zamansu, suka sake dasa su a kan tudu. Mai zagayen Maraɗi da ƙafa waɗannan yake bi, shi ya sa a nan bakin ɗan jagora ya fi idon baƙo aiki.

Yadda Katsina ta zo Maraɗi

Ba a fahimtar komai a ƙofar fadar Maraɗi sai an san dalilin da ya sa mai fadar yake amsa sunan Sarkin Katsina, alhali birnin Katsina yana can hayin iyaka, tafiyar kusan kilomita 90.

A 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, sarautar ta koma hannun Ummarun Dallaje. Gidan sarautar Haɓe ya fice ya yi arewa. Bayan artabun Ɗankama, inda Sarki Magajin Halidu ya rasa ransa, sauran jama'ar suka naɗa Ɗan Kasawa, wanda ya nemi mafaka a ƙasar Damagaram ya yi shekaru a can. Ita kuwa Maraɗi a lokacin ƙaramin gari ce a bakin gulbi, cikin kurmi, a gefen ƙasar Katsina. Sunanta ma daga sarauta ya samo asali, wato Maraɗi, hakimin da ke riƙe wa Katsina wannan yanki. Da mutanen yankin suka gaji da wakilan sabuwar gwamnati suka yi tawaye, sai suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 ya sauka Maraɗi ya mai da ita mazauninsa. Bai ɗauki kansa sarkin sabon gari ba. Sarkin Katsina ne da ke jiran ranar komawa gida, kuma a kan wannan niyya magadansa suka yi ta yaƙi kusan ƙarni guda.

Yaƙin da ya fi barin tabo shi ne na Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali duk a nan suka kwanta. Daga wannan karaya ne aka samu Tibiri, kamar yadda za a gani a gaba. Maraɗi ta farfaɗo, ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Ɗan Baskore, wanda masanin nan M. G. Smith ya sanya mulkinsa tsakanin 1854 da 1875, kuma hare-harensa sun taɓa har ƙasar Kano. Kafin hawansa da ƴan shekaru, a 1851, Bajamushen nan Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya ratso Gobir da Maraɗi ya yi makonni. Ƙarshen ƙarnin kuwa na rikicin cikin gida ne, lokacin da Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da yake naɗa sarki ya tuɓe sarki, har Sarki Mijinyawa ya bar garin ya koma Tasawa.

Komawa Katsina ba ta yiwu ba. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1904 da 1906 sun ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina, ɗaya ta faɗa hannun Faransawa, ɗaya hannun Ingilishi. Sunan dai ya zauna, kuma a 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautun Katsinar Maraɗi da Gobir da Doso zuwa matsayin sultan, daidai da na Damagaram da Agadas.

Ruwan 1945

Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne zalla, da damina kuma yana iya cika ya batse cikin dare ɗaya. Tsohon garin a cikin kwarinsa yake, kewaye da ganuwa da kurmi. A zamanin yaƙi wannan dabara ce mai kyau, don dawakin abokan gaba ba sa sakewa cikin sarƙaƙiya da laka, ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka. Da yaƙi ya ƙare, sai amfanin wurin ya ragu, haɗarinsa ya rage.

A daminar 1945 gulbin ya yi ambaliyar da ta rushe gidajen ƙasa na garin. Hukumar mulkin mallaka, wadda dama ofisoshinta da kantunan Turawa suna kan tudu, ta yanke shawarar kwashe jama'a gaba ɗaya zuwa sama. Aka auna fili, aka ja tituna masu faɗi miƙaƙƙu, aka yanka shi kare-kare, aka sa fadar sarki da dandalinta a tsakiya, manyan hanyoyi suna fitowa daga can. Wannan shi ne sirrin abin da baƙo daga Kano ko Zariya ko Damagaram yakan lura da shi tun ranar farko: tsohon garin Maraɗi ba shi da lunguna masu murɗewa irin na sauran biranen Hausa. Mutum zai tsaya a bakin layi ya hango ƙarshensa.

Masu binciken tarihin garin sun nuna cewa ƙaurar ba wurin kwana kawai ta sauya ba. Fili ya zama abin da hukuma ke aunawa ta ba da takarda, gida ya zama kadarar da ake saye da sayarwa, kuma wasu dangin da suke cunkushe a gida ɗaya a fadama sun rarrabu a kan tudu. Bafaranshen nan Philippe David, wanda ya yi aiki a Maraɗi a farkon shekarun 1960, ya tattara bayanan tsohuwar daular da tsohon garin daga bakin dattawan da suka rayu a ciki, ya kuma rubuta labarin Ƙaura Hasau. A yau wanda ya yi wayo a garin fadama ya haura shekara tamanin da biyar. Ba su da yawa, kuma kowace shekara raguwa suke.

Daga ƙofar fada

Zagayen da ya san abin da yake yi daga dandalin ƙofar fada yake farawa, wanda ake dangantawa da sunan Ɗan Kasawa. Dalili biyu ne. Na farko ladabi: baƙo ba ya yawo cikin unguwannin sarki yana tambaye-tambaye bai gai da masu gari ba. Na biyu kuma daga nan ne ake ganin zanen garin, hanyoyi suna watsuwa kowace kusurwa.

Fuskar fadar tana ɗauke da adon ginin Hausa, zane-zane masu launi da zanko a saman bango. Dogarai da jajayen riguna suna bakin zaure, kuma su ne ƙofar shiga ta gaskiya. Wanda ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi, za a gaya masa inda zai iya kaiwa da inda ba zai wuce ba. Babban masallaci yana kusa, kamar yadda aka saba a biranen Hausa, fada da masallaci da fili a tsakaninsu. Ranar Juma'a da ranakun Sallah filin yakan cika da dawaki da ƴan algaita da maroƙa, kuma mai son jin jerin sunayen sarakunan Katsina daga bakin masu kirari, to ranar ce tasa. Sai dai ranar ba ta tambaya ba ce, kowa yana da abin yi.

A nan ne ɗan jagora nagari yake zaunar da baƙinsa a inuwa ya warware musu sarautu, domin in ba a san su ba sunayen unguwannin da za a ratsa ba za su ce komai ba. Manyan masu zaɓen sarki huɗu ne, kamar yadda aka gada daga Katsina: Ƙaura, wanda shi ne shugaban yaƙi, da Galadima, da Ƴandaka, da Durɓi. Akwai kuma Iya, mace daga gidan sarauta, wadda a tsarin gargajiya take shugabantar mata da ƴan bori, tana da fadarta da mutanenta. Takwararta a Gobir ita ce Inna. Baƙi da yawa sukan yi mamakin jin cewa mace tana da irin wannan matsayi a fadar Hausa, alhali abin ya girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba.

Daga dandalin sai a shiga unguwanni. Ƴandaka sunan sarautar nan ce. Maradawa tana tuna mutanen Maraɗi na asali, waɗanda Ɗan Kasawa ya tarar. Limanci ta liman ce da malamai. Ɗan Gulbi ta riƙe sunan gulbin da aka baro. Hasau tana tuna wa mai sauraro Ƙauran da ya gagari sarakuna. Ga Bagalam, ga Mokoyo. Mutum zai iya ratsa yawancinsu cikin awa ɗaya da rabi in bai tsaya ba, amma tsayawar ita ce zagayen. A kowace unguwa akwai mai unguwa, akwai kuma zauren da dattawa ke zama da hantsi ko bayan la'asar, kuma a waɗannan zaurukan ake jin wane gida ne ya hauro daga wane gefe na tsohon gari, wane ne maƙeri tun kaka da kakanni, wane gida ne na marina, wane ne na mahauta.

Ta fuskar gini, a gaskiya, abin da ya rage kaɗan ne, kuma a warwatse yake. Nan da can ana cin karo da zauren ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, indararo yana leƙo titi, wani lokaci da ragowar zanen dagi a saman ƙofa. Kusa da shi kuma gidan bulo ne da rufin kwano, ko bene mai tayil da ƙofar ƙarfe. Ba abin zargi ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, magina masu iya ɗaurin guga sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada tun da giginya ta ragu, kuma magidancin da ya samu kuɗi yana son abin da damina ba za ta tayar masa da hankali ba. Jikan wanda ruwa ya rushe wa gida a 1945 ba ya bukatar a yi masa wa'azin amfanin siminti. Amma duk zauren da aka rushe ba a ɗauki hotonsa ba, ba a rubuta sunan maginin da ya yi shi ba, ya tafi ke nan.

Gangarawa fadama

Sashen zagayen da ya fi daɗi, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne gangarawa yamma zuwa kwarin gulbi. Cikin ƴan mintoci hayaniyar kabu-kabu takan koma baya, iska ta sauya, a shiga inuwar mangwaro da garake. Nan ne mazaunin garin farko. Wanda ya zo neman kufai mai bango tsaye zai koma da takaici, domin ginin ƙasa in ya faɗi ƙasa yake komawa, manomi kuma ya bi da garma. Gonaki ne da lambuna, ana noman rani, ana ɗibar yashi, ana buga tubali.

Duk da haka wurin yana da abin faɗa ga wanda ya zo da mai nuna masa. Daga ƙasa in aka ɗaga kai aka dubi tudun da garin yake a yanzu, nan take ake gane abin da ya faru a 1945 ba sai an yi dogon bayani ba. Masu gonakin da yawa jikokin masu gidajen da ne, kuma wasunsu suna iya nuna wajen da aka ce fada take, ko kasuwa, ko maƙabarta. Maganarsu ba kullum take daidaita da ta juna ba, kuma ɗan jagora mai gaskiya yakan bar baƙo ya ji duka. Gulbin kansa ya sauya hali tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ɓangaren Najeriya, ruwan da ke isowa ya ragu, kurmin da ya taɓa ɓoye gari daga mahaya kuwa sai labari. Amma har yanzu yakan yi fushi, kuma unguwannin da ke bakin gangare sun san haka duk shekarar da ruwa ya yi yawa. Da damina ba a shiga kwarin sai da wanda ya san hanya.

Kasuwa da Alhazai

In aka hauro, sai a nufi babbar kasuwa. A nan labarin ya tashi daga na sarakuna ya koma na ƴan kasuwa, kuma shi ne labarin da ya sa ake kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar.

Gyaɗa ce ta fara. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon shekarun 1910, gyaɗar ƙasar Hausa ta samu hanyar zuwa teku, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi suna saye ta hannun dillalai ƴan gari. Waɗannan dillalan ne suka tara jari, suka je Makka, suka dawo ana kiransu Alhazai. Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓe cinikin gyaɗar, farin shekarun 1973 da 1974 kuma ya karya nomanta. Alhazan ba su karye ba, suka juya ga fataucin kaya zuwa Najeriya, atamfa da taba sigari da shinkafa, harkar da ta bunƙasa tun lokacin yaƙin Biyafara. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu, wanda ya fito a 1986. Masallatai da dama da benayen da ake gani a hanyar kasuwa da kuɗin wannan zamani aka gina su, kuma su ma tarihi ne, ko da yake ba wanda ya saba kallonsu haka.

Kasuwar ta yanzu sabon gini ce, daga cikin ayyukan da aka yi wa garin a lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015. Tana ci kullum, amma Litinin da Juma'a ne manyan ranakunta. Mai zagaye ya nemi layin dukawa da masu sayar da fata, domin jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushin fatarta, har aka kafa mata cibiyar kiwo a garin tun shekarun 1960. A kasuwar ne kuma ake jin zafin iyaka kafin a ji shi a rediyo. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, farashin kaya a nan ne ya fara faɗa. Layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, hira ce da ba ta ƙarewa a rumfunan kasuwar.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yana iya ƙarasawa filin kokowa mai sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975 a Tawa. Sabbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo da Buzu Ɗan Zambadi sun yi nisa da ƙafa. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum 267,249 ya daɗe da fin ƙarfin mai tafiya a ƙasa.

Tibiri da Jiratawa

Zagayen Maraɗi bai cika ba in ba a je Tibiri ba, ko da yake sai an hau mota ko babur, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba ta arewa maso yamma. Mutanen wurin Tsibiri suke cewa. Labarinta tagwayen na Maraɗi ne. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. Gobirawa suka yi ta gwagwarmaya har zuwa Gawakuke, bayan nan Mayaƙi ɗan Yakubu ya tattara waɗanda suka ƙi miƙa wuya ya kafa Tibiri a 1836, dab da ƙawayensa Katsinawa. Samun manyan fadoji biyu masu cin gashin kansu kusa da juna haka abu ne da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa, kuma yaƙi ne ya haɗa su maƙwabtaka.

Tibiri ta fi Maraɗi sauƙin zagayawa da ƙafa, don ƙarama ce kuma ba ta da hayaniya. Ana farawa daga fadar Sarkin Gobir, a nemi bayanin Taran Gobir, wato manyan fada tara, da matsayin Inna. Sunan Bawa Jangwarzo ba ya barin bakin maroƙan wurin, duk da cewa shi a Alkalawa ya yi mulki tun kafin a san za a kafa Tibiri. A fuskokin tsofaffi har yanzu ana ganin tsagen Gobirawa, wanda yara masu tasowa ba su da shi. In a cikin ayarin akwai Bazabarme, to ya shirya shan ba'a, shi ma ya rama, don wasan da ke tsakaninsu tsoho ne. Irin wannan wasan na dangi a Nijar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2014.

Jiratawa kuma tana kudu, kimanin kilomita 10. Ita ba don fada ake zuwa ba, don ganin abin da kwarin gulbi yake iya bayarwa ne in an ba shi ruwa. Akwai babban filin noman rani da aka tsara da rijiyoyi da magudanai, kuma zogalen Jiratawa ya kai kasuwannin Yamai. Mai sauran lokaci ya ƙarasa Madarunfa, inda tabki da dajin da kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda Nijar ta sanya tun 2006 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Ɗan jagora, lokaci da ladabi

A Agadas jan baƙi sana'a ce da ta daɗe, akwai waɗanda da ita suka ci suka sha shekara da shekaru. A Maraɗi abin bai zauna haka ba, mai son zagaye shi ke haɗa abinsa. Hanyoyin da aka fi bi su ne ta fada, inda za a iya haɗa mutum da wani bafade ko dattijon da ya san gari, ko ta ofishin jaha mai kula da yawon buɗe ido da sana'o'in hannu, ko ta malaman tarihi na makarantu. Garin yana da jami'a mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan Maraɗin da ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci daga 1974, kuma ɗalibanta ƴan gari suna iya wannan aiki in an nuna musu hanya. Kowane irin jagora da inda ya fi ƙarfi. Bafade ya san sarauta da kirari, amma labarinsa na gidan da yake yi wa barance ne. Malamin makaranta ya san shekaru da abin da aka rubuta, amma ba lalle ƙofofin gidaje su buɗe masa ba. In an samu biyun a tafiya ɗaya, an dace.

Ba a da ƙayyadadden farashi. Abin da ya fi shi ne a yi magana tun kafin a tashi, a san abin da za a ba ɗan jagora, a kuma riƙe ɗan abin goro na dattawan da za a zauna wurinsu. Wannan ba sayen labari ba ne, gaisuwa ce, kuma an san bambancin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da safe daga ƙarfe 8 zuwa 11, ko bayan la'asar. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, titunan nan masu faɗi kuma ba su da inuwar da lungu ke bayarwa. A ɗauki ruwa, a sa takalmin da zai jure yashi kuma mai sauƙin cirewa, don za a cire shi a zaure fiye da sau ɗaya. Ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace, sai da izninsa, haka nan cikin fada, kuma ba a ɗaukar hoton barikin soja ko na jandarma ko shingen bincike ko kaɗan. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Mata a cikin ayari su ne ke da damar shiga cikin gida, kuma sau da yawa su ke fitowa da labarin da ya fi na waje, don tsofaffin mata sun riƙe tarihin aure da dangantaka da ƙaurar gidaje fiye da mazansu.

Maganar tsaro ba a tsallake ta. Cikin gari ana zirga-zirga lafiya, amma wasu ƙauyukan gundumomin Madarunfa da Gidan Runji da ke bakin iyaka sun sha fama da ɓarayin daji masu satar shanu da mutane. Mai niyyar wuce Jiratawa ya yi kudu ya tambayi halin da ake ciki a ranar, ya je da rana ya dawo da rana. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa, musamman Bature, akwai ƙa'idojin rakiya da hukuma ta gindaya wa tafiyarsa a wajen Yamai, kuma mai masaukinsa ne ya kamata ya bincika su a wurin hukumomin jaha kafin ya iso.

Saboda wannan hali, masu zagayen Maraɗi a yanzu galibi ba daga Turai za su zo ba. Ƴan makaranta ne da malaminsu, da ma'aikacin da aka turo aiki daga Yamai ko Difa, da Bakatsinen da ya tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa ya zo ganin inda rabin tarihin garinsu ya koma, da ɗan Zariya ko Ali Ɗan Sofo da aka haifa a Maraɗi amma bai taɓa gangarawa ya ga inda kakansa ya kwana kafin ruwan 1945 ba. Ajin lakwal ɗaya, da malami ɗaya, da dattijo ɗaya daga Maradawa ko Ƴandaka, da wayar da ke ɗaukar murya, sun isa a fara.